Fatar Washi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kiyaye Kaifin Wuƙar Sassaƙa

Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda na fi ji daga bakin masu koyon sassaƙa a nan cikin birnin Kano, musamman masu aikin ƙananan kaya da wuƙa, irin su cokalin itace da koshiya da muciya da allo da zanen ƙwarya. Kusan dukkansu sun san dutsen washi tun suna yara, domin da wuya a sami gidan da ba a wasa wuƙa da jajiberin Babbar Sallah, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa riƙe fatar washi, ko da yake kowa ya sha ganin wanzami yana jan askarsa a kan fata kafin ya ɗora ta a kan mutum. Amsoshin sun tsaya ne a kan abin da hannuna ya gwada.

Mece ce fatar washi, kuma me ya bambanta ta da dutsen washi?

Fatar washi yanki ne na jemammiyar fata, wanda ake manna shi a jikin katako mai shafaffen fuska, a riƙa jan bakin wuƙa a kansa bayan an gama da dutse, da kuma lokaci zuwa lokaci a tsakiyar aiki. Dutse yana cin ƙarfe da yawa, shi ne yake fitar da gangaren bakin wuƙa, yake share giɓi, yake haɗa fuskokin nan biyu har su gamu a layi ɗaya. Fata kuwa abin da take ci ƙalilan ne ƙwarai, aikinta shi ne ta goge wannan layi, ta cire ragowar ƙarfen da dutse ya bari, ta kuma maido da kaifin da ya fara kwanciya tun bai kai ga dakushewa ba. Saboda haka wuƙar da ta riga ta dakushe sarai, ko aka sare ƙusa da ita ta yi giɓi, ko an wuni ana jan ta a kan fata ba za ta dawo ba. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai koyo ya riƙe, domin yawancin masu cewa fata ba ta aiki sun kai mata aikin dutse ne.

Fata ta fi ƙarfe taushi nesa ba kusa ba, to ta yaya za ta ƙara masa kaifi?

Idan aka wasa wuƙa a dutse har fuskokin biyu suka haɗu, wani siririn leɓe na ƙarfe yakan fito a can ƙarshen bakin, ya lanƙwashe zuwa gefen da ba a kan dutsen yake ba. Ido ba ya cika ganinsa, amma idan aka shafa babban yatsa daga bayan wuƙar zuwa bakinta, a hankali, za a ji yana karce fatar yatsa kamar ƙaiƙayi. Wannan leɓe yana yanka da farko, har mutum ya ɗauka wuƙarsa ta yi kaifi, sai dai da zarar ya gamu da itace sai ya naɗe ko ya karye, ya bar bakin a dagule. Jan wuƙa a kan fata yana lanƙwasa shi gaba da baya har ya tsinke ya fita, ya bar tsaftataccen kaifi a ƙarƙashinsa.

Abu na biyu shi ne sinadarin gogi da ake shafa wa fatar. Ƙwayoyinsa sun fi ƙarfen wuƙa tauri, suna maƙalewa a cikin ramukan fatar, su riƙa kankare ƙarfen kaɗan-kaɗan. Don a gane ƙanƙantarsu, ana auna su da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum yakan kai wajen maikiron 70, ƙwayar dutsen washi mai lamba 1000 (lambar da ke nuna laushin dutse ke nan, tana ƙaruwa dutsen yana ƙara laushi) ba ta wuce maikiron 12 zuwa 15 ba, ƙwayar koren sinadari mai kyau kuwa wajen rabin maikiron ce. Ke nan fatar da aka shafa wa sinadari ta zama wani irin dutse mai matuƙar laushi, wanda yake share zanen da dutsen gaske ya bari har gangaren bakin ya riƙa ɗaukar ido kamar madubi.

Wace irin fata ta dace, kuma a ina ake samunta a Kano?

Wadda ta fi dacewa ita ce kirgi, wato jemammiyar fatar saniya, mai tauri, mai kaurin milimita 2 zuwa 3, wadda aka jeme da sinadarin tsirrai kamar bagaruwa. Idan aka danna ta da farce bai kamata farcen ya nutse ba, idan kuma aka lanƙwasa ta sai a ji tana turjewa. Dalilin neman tauri shi ne, fata mai laushi tana lotsawa a ƙarƙashin wuƙa, sannan ta taso ta naɗe bakin daga baya, ta mayar da shi kamar bayan cokali.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure saboda suna. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da fatake suke ketare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma babu shakka ita ce abin nema wajen ɗinkin jaka da titimi da bangon littafi. Amma a wannan aiki laushinta da miƙewarta aibi ne, sai dai idan za a manna ta sosai a jikin katako mai tauri, ta zama kamar fenti a kansa, a nan rashin kaurinta yakan rufa mata asiri. Haka nan fatar da manyan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai suke sarrafawa da gishirin kuromiyam, wadda idan aka yanka ta ake ganin cikinta da launin toka mai ratsin shuɗi, yawancinta an yi ta ne don takalma da kujeru, ta cika laushi. Fatar roba da ake rufe kujerun mota da ita kuwa ba ta cikin lissafi ko kaɗan.

Ba a bukatar sayen kirgi sukutum. Wanda ya shiga wajen dukawa a Kasuwar Kurmi, ko wajen masu ɗinkin takalma a Ƙofar Wambai, ya tambayi ragowar yanka, zai sami abin da zai ishe shi da kuɗi kaɗan. A zaɓi yankin da ya fito daga gadon bayan saniya, domin ya fi na ciki tsauri da daidaiton kauri, a kuma duba kada ya kasance da tabon lalas ko na ƙaya ko ƙulli. Tsohuwar ɗamarar wando ta fata zalla tana yi, muddin babu ɗinki ko zane ko fenti mai sheƙi a jikinta.

Yaya ake haɗa ta?

A sami katako busasshe mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da faɗin 5 zuwa 7, a roƙi kafinta ya fere fuskarsa ta daidaita sarai, a bar ɗan wuri a gefe guda domin riƙewa. A shafa gam irin na masu gyaran takalma a jikin katakon da jikin fatar, shafi marar kauri, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa su daga gefe ɗaya zuwa ɗayan. A kifa shi a kan daɓen siminti mai santsi da takarda a ƙarƙashi, a ɗora masa nauyi ya kwana. Washegari a yanke fatar da ta yi saura daidai da gefen katakon. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada gam ya taru a wani wuri, domin duk ƙullin da ya bushe a ƙarƙashin fatar zai zama tudu, kuma a kan wannan tudun ne wuƙa za ta riƙa tuntuɓe.

Fatar da wanzamai suke amfani da ita ba tare da katako ba, ita ce ta dace da aska, wadda nauyinta kaɗai ake ɗora wa fatar. Wuƙar sassaƙa tana bukatar doron da ba ya lotsawa.

Wace fuska ake amfani da ita, mai santsi ko mai kaushi?

Duka biyun suna aiki. Fuskar ciki, wadda ta kasance a jikin nama, tana da ɗan gashi-gashi da ke riƙe sinadari da kyau, fuskar waje kuma, inda gashi ya kasance, ta fi tsauri da santsi. Ni nakan manna fata a fuskokin katakon biyu, ɗaya mai kaushi da sinadari, ɗaya mai santsi babu komai a kanta domin jan ƙarshe. Wanda yake da yanki ɗaya tak, ya sa mai kaushin a sama, idan gashin ya yi tsawo ya rage shi da samfefa.

Wane sinadari ake shafawa, kuma nawa ne ya isa?

Sinadarin gogi yakan zo a dunƙule kamar sandar sabulu, garin ma'adini ne da aka cuɗa da kaki. Kore, wanda ake yi da wani nau'in kuromiyam, shi ne ya fi shahara wurin masu sassaƙa. Fari, na sinadarin alminiyam, yakan fi shi saurin ci kaɗan. Ja kuwa na maƙeran zinariya da azurfa ne, ya yi wa ƙarfen wuƙa laushi, ɓata lokaci ne a saye shi don wannan aiki. Akwai kuma man da ake cuɗawa da garin daimon, wanda yake da tsada, kuma bai zama dole ba sai ga mai wuƙar da aka yi da ƙarfe na musamman mai tsananin tauri. Launi dai ba hujja ba ce a koyaushe, domin kamfanoni suna garwaya sinadarai yadda suka ga dama, koren wani ya fi na wani kaushi. Wurin tambaya shi ne shagunan kayan aikin ƙarfe da walda, kamar na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Idan ba a samu ba, man goge ƙarfe na cikin matsattsen bututu, irin su Autosol, yana biyan bukata, a shafa ɗan kaɗan a bar shi ya bushe.

Abin da zan yi gargaɗi a kansa shi ne man da bakanike yake wasa bawul ɗin inji da shi. An sha kawo mini shi da murnar an sami madadi mai araha, alhali ƙwayoyinsa sun fi na dutsen washi kaushi, kuma idan suka shiga fata ba sa fita. Araha ba ta ado.

Game da yawa, a goga sandar a kan fatar kamar yadda yaro yake zane da alli, layi-layi, har launin ya bayyana amma ana iya hango fatar a ƙarƙashinsa. Idan sandar ta yi tauri, kamar yadda takan yi da sanyin hunturu, a ajiye ta a rana na ɗan lokaci ta saki. Sinadarin da aka lafta da kauri yakan zama ɓawo, wuƙa ta riƙa zamewa a kan kaki, ƙwayoyin ba su taɓa ƙarfen ba. Shafi ɗaya yakan ɗauki kwanaki ana aiki da shi.

Yaya ake jan wuƙar?

A ajiye fatar a kan benci ko a kan cinya yadda ba za ta motsa ba. A kwantar da wuƙar, bakinta yana kallon mai ja idan za a tura ta gaba, yana kallon gaba idan za a jawo ta baya. Ma'ana, bayan wuƙa ne yake jagora a kowane ja, baki yana biye da shi. Idan aka tura ta da baki a gaba, kamar yadda wasu suke yi a kan dutse, za ta yanki fatar nan take.

Sai batun kusurwa, wanda shi ne zuciyar aikin. Wuƙar sassaƙa takan kasance da gangare na digiri 10 zuwa 15 a kowace fuska, wato ta fi wuƙar girki sirantar baki. Yawancin wuƙaƙen da aka ƙera don sassaƙa suna da gangare mai faɗi wanda ido yake gani, kuma wannan sauƙi ne babba, domin abin da ake bukata kawai shi ne a kwantar da gangaren gaba ɗayansa a kan fatar, a ɗora yatsa a kansa, a ji ya zauna daram. Idan gangaren siriri ne, a kwantar da wuƙar, a riƙa ɗaga bayanta sannu a hankali har inuwar da ke tsakanin baki da fata ta ɓace, a tsaya a nan. Ga wuƙa mai faɗin milimita 15, ɗagawar ba za ta wuce kamar milimita 4 ba. Mai son ya ga kusurwar da idonsa ya ninka kusurwar takarda sau ɗaya ya sami digiri 45, ya sake ninkawa ya sami 22 da rabi, ya ƙara ya sami 11 da ɗoriya, ya ajiye ta a gefe yana kwatantawa.

A ja daga gindin wuƙar zuwa tsininta a karkace, domin duk tsawon bakin ya taɓa fatar a ja ɗaya. Inda bakin ya lanƙwasa zuwa tsini a ɗan ɗaga ƙotar, ban da juya wuyan hannu. Nauyin hannu kuma kada ya wuce wanda mutum zai sa idan yana shafa man shanu a kan burodi mai laushi ba ya son ya huda shi. Idan aka kai ƙarshen fatar, a tsaya cak, a ɗaga wuƙar sama kai tsaye, sannan a juya ta a iska. Ja 10 zuwa 20 a kowace fuska ya wadatar, na ƙarshe-ƙarshen su fi na farko sauƙin hannu, ana musanya fuska bayan kowane ja. Babu amfanin sauri. Saurin da ake gani a hannun wanzami na shekara da shekaru ne, kuma askarsa tana kwance ne a kan fatar.

Na ja wuƙata a kan fata amma sai ta ƙara dakushewa. Me ya jawo?

Wannan ya faru da ni, kuma na daɗe ina ɗora laifin a inda ba ya nan. Lokacin da na fara aiki da fata, ina da wata wuƙa da wani maƙeri ya ƙera mini, wadda nake gyara gefen allo da ita. Kullum na ja ta sai ta yi ƙyalli, amma idan na ɗora ta a kan itacen aduwa sai ta riƙa zamewa, sai na ɗaga bayanta sosai kafin ta kama. Na yanke hukuncin cewa ƙarfen ne bai sha wuta yadda ya kamata ba, har na ɗauke ta zan mayar masa. A hanya na tsaya wurin wani dattijon wanzami da yake yi wa mahaifina aski, na nuna masa. Ya juya ta a rana, ya miƙo mini fatarsa ya ce, "Ɗana, ja in gani." Ban kai ja uku ba ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kana danna ta kamar mai kirɓa fura, sannan in ka kai ƙarshe kana share bakin da fatar kamar mai goge cokali. Maƙeri bai cuce ka ba." Na ce, "Baba, to yanzu yaya za a yi?" Ya ce in koma dutse, in sake fitar da gangaren daga farko.

Abin da ya gani shi ne, duk lokacin da na kai ƙarshen ja, wuyan hannuna yana juyawa, bayan wuƙar ya tashi, bakin ya nutse cikin fatar a tsaye. Ja ɗaya irin wannan yana rushe aikin ja goma masu kyau. Dannawa da ƙarfi ita ma haka take yi, fatar ta lotsa, ta taso a bayan bakin ta cinye shi. Alamar wannan cuta ita ce wadda na faɗa, wato wuƙa tana sheƙi amma ba ta kama itace sai an ɗaga ta fiye da da. Idan ba waɗannan biyun ba ne, to a duba ko fatar ta cika laushi, ko kuma tun asali ba a kai wuƙar ga kaifi a kan dutse ba. Mai shakka ya shafa baƙin alƙalamin maka a gangaren bakin, ya ja sau biyu ko uku, ya duba. Idan baƙin ya goge daga dukkan gangaren, kusurwarsa daidai take. Idan a can bakin kaɗai ya goge, ya ɗaga da yawa, idan kuma a sama ya goge ya bar bakin, bai ɗaga ya isa ba.

Sau nawa ya kamata a koma kan fata a lokacin aiki?

A ƙa'ida, bayan kowane minti 20 zuwa 30 na sassaƙa, tun wuƙar ba ta nuna gajiya ba. Amma itace ne yake yanke hukunci. Mai aiki da ɗanyen itace ko mai laushi kamar rimi da malaina zai daɗe bai nemi fata ba, mai fama da busasshiyar ƙirya ko marke ko maɗaci kuwa zai koma tun kafin minti 15. Bayan ƙwarya ma yana cin kaifi fiye da yadda ake zato. Sau da yawa kuma ƙasar da ke jikin itacen ce take kashe wuƙa, domin guntun da ya kwana a tsakar gida ya kwashi rairayi, rairayi kuwa ya fi ƙarfen wuƙa tauri. A goge itace da burushi kafin a sa masa wuƙa, a kuma cire ɓawo da gizago ko wata tsohuwar wuƙa.

Ta yaya zan san wuƙar ta yi kaifin da ake so?

Aske gashin hannu da yanka takarda suna nuna wani abu, amma wuƙa mai leɓen ƙarfe ma tana iya cin wannan jarrabawa. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne a yanki kan guntun itace mai laushi a gicciye, inda jijiyoyinsa suka ƙare. Wuƙa mai kaifi za ta bar wurin da santsi da ɗan duhu kamar an shafa mai, marar kaifi za ta murƙushe jijiyoyin ta bar shi fari-fari, mai giɓi kuma za ta bar farin layi a daidai inda giɓin yake. Haka nan idan aka fuskantar da bakin ga hasken rana, kaifi na gaskiya ba ya ƙyalli, duk inda aka ga ɗigon haske to nan ne ya kwanta. Kada a gwada ta hanyar jan yatsa a tsawon bakin.

Fatar ta yi baƙi ƙirin. Ta lalace ke nan?

Baƙin garin ƙarfe ne da sinadarin ya kankaro, shaida ce cewa fatar tana aiki, kuma fatar da ta yi baƙi tana ci gaba da gogewa. Lokacin tsaftace ta shi ne idan fuskar ta yi sulɓi tana ƙyalli, ko ɓawo ya taru, ko aka daina jin ɗan riƙon nan da wuƙa take ji idan ana jan ta. A kankare da gefen tsohon katin roba ko bayan wuƙa, a bi da samfefa mai lamba 220 da aka naɗa a guntun katako domin fuskar ta ci gaba da zama a daidaice, a kakkaɓe sosai da burushi mai tsabta har a tabbata babu ƙwayar samfefa da ta rage, sannan a yi sabon shafi. Kada a wanke ta da ruwa, kada kuma a sa mata fetur ko kananzir, domin suna busar da fata, suna kuma narkar da gam.

Ana shafa mata mai? Yaya ake adana ta a yanayin Kano?

Fatar da aka manna a katako ba ta cika bukatar mai ba, kakin da ke cikin sinadari yana ciyar da ita. Idan hunturu ya busar da ita har ta fara nuna alamar tsagewa, bayan an kankare ta a ɗauki man kaɗanya kamar ƙwayar gero biyu ko uku, a murza a tafin hannu ya narke, a shafa, a bar ta kwana biyu kafin a sa sinadari. Mai da yawa yana sassauta fata, ya jawo matsalar naɗe baki da aka ambata, ya kuma hana sinadari kamawa. Man gyaɗa yana yin ɗoyi, ya kuma kira ɓeraye da kyankyasai, baƙin man inji kuwa yana ɗauke da datti.

Babban abokin gabar fatar washi a garin nan ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk abin da aka bari a buɗe na awa ɗaya za a iya rubutu da yatsa a kansa, kuma ƙwayar ƙurar nan ta ninka ƙwayar sinadari girma sau da yawa. Idan ta zauna a kan fatar ta maƙale a kaki, sai mutum ya riƙa ganin zane a bakin da ya kamata ya zama madubi, bai san daga ina ya fito ba. Saboda haka a ɗinka mata jaka ko a naɗe ta da tsumma mai tsabta, a kifa ta duk lokacin da aka ajiye ta a tsakiyar aiki, a kuma share ta da tafin hannu kafin a ɗora wuƙa. Kada a jefa ta akwati ɗaya da dutse da magagari da samfefa. Bayan an tashi daga dutse a goge wuƙar tas kafin a kai ta kan fata. Da damina, musamman a watan Agusta, a fitar da ita daga leda a rataye ta inda iska take ratsawa, don kada ta yi fumfuna ko katakon ya kumbura ya karkace. Da bazara kuma, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kada a bar ta a rana ko a cikin mota.

Yaya ake yi da wuƙa mai lanƙwasa ta rarake cikin cokali, da sauran kayan aiki masu kwarmi?

Bayanta ana jan sa a kan fatar da aka saba, ana mirgina wuƙar a hankali yayin ja domin duk lanƙwasar ta samu. Cikinta kuwa sai an yi mata nata, a sami sanda mai zagaye wadda ta fi kwarmin siranta kaɗan, a naɗa mata fata marar kauri da gam, a shafa sinadari, a riƙa turawa daga bayan wuƙar zuwa bakinta. A nan ne fatar akuya take da rana. Sanda zalla da aka shafa wa sinadari ita ma tana yi.

Wuƙar maƙeran gida tana karɓar fata kamar ta waje?

Tana karɓa, idan ƙarfen mai kyau ne kuma an ba shi wuta daidai. Maƙeranmu sukan ƙera wuƙa da sifirin mota ko tsohon magagari, dukkansu kuma ƙarfe ne da yake ɗaukar kaifi mai kyau, yake kuma amsa koren sinadari da sauri. Bambancin wuƙaƙen kamfani, irin su Morakniv na ƙasar Suwidin da Flexcut na Amurka, shi ne suna zuwa da gangare a daidaice da tauri iri ɗaya, don haka ana iya fara musu da fata tun ranar farko. Ta maƙera kuwa yawanci sai an zauna da ita a kan dutse an daidaita gangaren tukuna, a fara da mai kaushi kamar lamba 400, a koma 1000, a ƙare da 3000 ko sama idan akwai. Idan leɓen ƙarfe ya ƙi tsinkewa, yana ta komawa wannan gefe da wancan kamar danƙo, ƙarfen ya yi laushi. Idan kuma bakin yana ɓantarewa a itace mai tsabta, ya yi tauri fiye da kima. Duka biyun gyaransu yana wurin wuta, a maƙera. Irin wannan ƙarfe yana tsatsa, don haka a goge shi a shafa masa ɗan mai bayan aiki, a share man kafin a kai shi kan fata.

Yaushe ne dole a koma dutse?

Idan wuƙa ta yi giɓi, ko tsininta ya karye, ko aka ja ta sau 30 zuwa 40 ba ta dawo ba. Ko mai hannu mai kyau, bayan makonni yana jan wuƙa a kan fata, gangaren zai ɗan yi doro, domin babu fatar da ba ta lotsawa ko kaɗan. Da zarar an lura wuƙa tana neman a ɗaga ta kafin ta kama itace, a kai ta kan dutse mai laushi a miƙar da gangaren, aikin mintoci kaɗan ne idan ba a bari ya yi nisa ba.

Na yanki fatar bisa kuskure. Sai an sake wata?

Ba lallai ba ne. Idan yankan ya ɗaga ɗan leɓe, a sa masa ɗigon gam da tsinken ashana, a danne shi ya bushe, a bi da samfefa har ya daidaita da sauran. Idan guntun ya fita gaba ɗaya ya bar rami, ramin ba ya cutar da wuƙa, tudu ne yake cutarwa, don haka a shafe gefunansa kawai a ci gaba da aiki. Ana sauya fata ne idan yanka ya yi yawa har babu tsawon ja ɗaya mai lafiya, ko ta ɓanɓare daga katakon, ko rairayi da man bawul suka shige ta. A irin wannan hali a ɗaye ta, a kankare tsohon gam, a duba fuskar katakon da bakin rula ko tana nan a daidaice, sannan a manna sabuwa.